Ranar da Na Ɗinke Tsumman Sojan Amurka

Na sha wahala a Landan. Ba zan yi wa maganar kwalliya ba. Duk wanda ya ce maka a shekarun man fetur kowa ya je Ingila da akwatuna ya dawo, to ni bai tambaye ni ba.

Sunana Garba, tela ne ni daga Tudun Wadan Zariya. Allo na yi, boko kuwa a aji uku na tsaya, saboda haka in an ga rubutun nan ya karkace a yi haƙuri. Ina da shekara arba'in da uku wani Alhaji ɗan kwangila, wanda na daɗe ina yi wa manyan riguna, ya kai ni can. Ya ce shagon ɗinki zai buɗe saboda manyan mutanenmu da suka cika garin, ni zan riƙe. Na isa na tarar babu shago, babu keke. Gida ne hawa uku, da wata tsintsiyar lantarki mai gurnani. Wata bakwai ina sharar kafet, ina wanke mota, ina bin Hajiya kantuna ina ɗauko ledoji. In na tayar da zancen shago sai ya ce, "Garba, ka cika gaggawa. Ai an yi booking ɗin wurin."

Da aka yi juyin mulki a gida aka fara kiran 'yan kwangila ana yi musu tambayoyi, Alhaji ya kwashe iyalinsa ya tafi, wai kwana goma. Har yau kwana goman nan ba su cika ba. Wata rana wani Bature ya zo da takarda da sabon kwaɗo, ya nuna mini ƙofa. Direban gidan, Allah ya saka masa da alheri, shi ya lalubo mini fasfona a durowar Alhaji kafin a kulle, ya kuma cire tsohon kwat ɗinsa ya ɗora mini a kafaɗa.

Da kwat ɗin nan na shiga sanyi. Na kwana a ƙasan ɗakin wasu ɗaliban ƙasarmu har suka fara gaishe ni a taƙaice, na gane na yi nauyi. Na wanke kwanuka a ƙarƙashin wani otel har yatsuna suka tsage, na kasa riƙe allura. Akwai wata babbar riga mai aska takwas da na zo da ita domin a ga hannuna. Wani ɗan garinmu, mai yawan salati a baki, ya karɓa wai zai nuna wa masu saye. Ban sake ganinsa ba, ban sake ganinta ba. Wasiƙa nake aika wa mai ɗakina ina cewa aiki na tafiya. Ƙarya ce. Abin da ya fi damuna ba yunwa ba ce, a'a, tunanin ranar da zan sauka a tashar Zariya hannu biyu, mutanen da suka raka ni suna kallo. Kwat ɗin kuwa ya riƙa mutuwa a jikina. Gwiwar hannu ta huje, na yanko gefen bargo na toshe. Wuya ya cinye, na juya shi. Cikinsa ya zube, na samo buhun fulawa a otel na shimfiɗa masa, da zaren da na zaro daga tawul.

Facin nan shi ya cece ni. Ranar wata Juma'a an idar da salla ina neman takalmina, sai na ji an kama mini hannun riga. Wani dattijo ne baƙi, gajere, mai faɗin ƙirji.

"Wane ne ya yi wannan faci?"

Na ce ni ne.

"Kai tela ne, kake warin sabulun kwano?"

Shi ne Baba Isiyaka, mutumin zangon Kumasi ta ƙasar Ghana. Ya yi shekaru yana dafa abinci a jirgin ruwa, sannan ya sauka a Landan ya zauna. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya kai ni ɗakinsa a unguwar Plumstead, ya ba ni gefe, ya dafa mini shinkafa da wake da barkonon da ya sa ni hawaye, na bar shi ya zaci barkonon ne. Sati biyu ya hana ni taɓa ruwan sanyi yana shafa mini man kaɗanya a yatsu. Da suka warke ya ce, "Bazazzagi, gobe za ka ga Madam."

Madam Hilda tana da shago a ƙarƙashin ƙasa a wani lungu kusa da Aldwych, inda gidajen wasan kwaikwayo suke. Kayan da 'yan wasa ke sawa take ɗinkawa, Isiyaka kuma shi ne mai guga. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, yatsunta duk sun kumbura sun lanƙwashe. Ba ta tambaye ni takardar makaranta ba. Ta miƙo mini ƙyalle da allura ta ce in yi mata ramin maɓalli. Na yi. Ta kai shi gaban fitila ta juya, ta nuna mini keke da haɓa.

Izinin zamana saura wata biyu ya ƙare, kuma da sunan Alhaji aka yi shi. Isiyaka ya gaya mata. Ta ce in yi wata ɗaya tukuna. In ta gamsu za ta rubuta wa ofishin shige da fice cewa tana bukatata. In babu wasiƙar nan, sai jirgi. Wannan na kwana da shi na tashi da shi.

Shekarar 1976 ce, Amurka na cika shekara ɗari biyu da samun 'yanci, wani gidan wasa zai yi wasa a kai. Ni ban san wannan ba a lokacin, ba wanda ya ga dalilin gaya wa tela. Abin da na sani shi ne an ɗora ni a kan jajayen kwat na soja, ja irin na dogarai, masu maɓallan tagulla jere biyu. Sati uku ina kansu. Sun yi kyau, ba yabon kai ba. Madam kuwa kullum da rana sai ta haye sama wani ɗaki da ban taɓa shiga ba, ta sauko tana murza yatsu.

Ta lura ina salla a tsakanin kwanduna, sai ta sa aka share mini wani lungu. Ta ji ɗalibanmu na neman mai yi musu kaftani, sai ta ba ni mabuɗi ta ce Asabar da Lahadi keken nawa ne. Ni da na yi wata bakwai a gidan Musulmi ɗan'uwana ban taɓa riƙe mabuɗin ko da bayan gida ba. Na rasa abin da zan yi mata. A wurinmu in mutum ya yi maka irin wannan ba da baki ake gode masa ba, sai ka nemi wani nauyi nasa ka sauke ba tare da ya sani ba.

Ranar Asabar da safe na buɗe shago, sai ga wasu kaya a rataye da ban taɓa gani ba. Kwat shuɗaye goma sha ɗaya, da riguna na ciki, da wanduna. Wallahi ko mahaukacin kasuwa ba zai sa su ba. Wani an ɓarke shi daga kafaɗa har ƙugu, wani babu hannu ɗaya, duk sun yi dabbare-dabbare da wani datti ruwan ƙasa. Na ce a raina, an ba wasu aro sun wulaƙanta, an dawo wa tsohuwa da su ta gyara da yatsun nan nata. Na kuma tuna abin da mahaifina ya horar da ni a kai tun ina riƙe masa zare, cewa aikin tela rufa wa mutum asiri ne. Ta yaya za a bar wasu bayin Allah su fita gaban jama'a a haka, alhali 'yan'uwansu na sanye da jajayen da na ɗinka?

Na ajiye kaftanin ɗalibai. Na jiƙa kayan, na cuɗa, na sake cuɗawa har dattin ya fita. Na shanya a kan bututun ɗumama ɗaki. Na samo ragowar shuɗin yadi na yanka hannuwa, na yi faci ta ciki yadda ido ba zai gani ba, na jera maɓallai. Yini biyu cur ina yi, abinci ma a tsaye na ci. La'asar ɗin Lahadi na goge su na rataye a jere, na ja baya na duba. Tun da na zo ƙasar nan ban ji daɗi irin na ranar ba. Ko Isiyaka ban gaya wa ba.

Litinin na riga kowa zuwa, na zauna a keke kamar ban san komai ba. Madam ta shigo, ta rataye jakarta, ta juyo. Ta tsaya. Ta taka a hankali ta ɗaga hannun kwat ɗaya, ta saki. Sai ta nemi kwando ta zauna a kai, ta rufe fuska da tafin hannu. Na zaci daɗi ne ya yi mata yawa, har na fara murmushi.

Isiyaka ya shigo bayanta. Ya dubi kayan, ya dube ni.

"La ilaha illallahu. Bazazzagi, kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Taso. Taso mu fita kafin Madam ya sami bakin magana."

A matakalar bayan shago muka zauna, inda ake jin ƙarar bas-bas daga titi. Shi yana kai kaya gidan wasan, ya ga gwajin da suke yi ya fi sau goma, ya haddace.

"Ka san Amurka? Da can Ingila ne ke da shi, kamar yadda yake da mu. Amma su 'ya'yan Ingila ne da kansu, suka ƙetare teku, suka ture masu ƙasa, suka yi gona. Yanki goma sha uku. Sarki yana nan Landan, bai taɓa taka wurin ba, sai dai ya aika gwamna. Ya yi yaƙi da Faransa, aljihu ya huje, sai ya ce a sa musu haraji. Takarda haraji, gilashi haraji, shayi haraji."

"To ai mu ma mun biya. Ubana har jangalin shanu biyu ya biya bai yi wa kowa tawaye ba."

"Su suka ce a majalisar da ake yanka harajin ba su da mutum ko ɗaya. Jirgi ya zo da shayi, suka hau, suka zubar da shi duka a teku."

"Shayin? Almubazzarai."

"Ka yi shiru ka ji naka. Sarki ya aika soja, jajayen nan da ka ɗinka. Su kuma suka taru suka rubuta takarda, suka ce daga yau ba mu da sarki. Takarda ba ya harbi, sai aka yi yaƙi. Manoma ne fa, da maƙera, da teloli irinka. Wani sanyi ya zo, jajaye suna cikin birni suna cin nama a gaban wuta, waɗannan suna daji cikin ƙanƙara, babu takalmi, babu bargo, inda suka taka sai jini. Wannan shi ne cibiyar wasan. Mai kallo sai ya ga tsumma kafin ya ji tausayi. Madam ya yi sati biyu a sama yana yaga su da magogi da samfefa, da hannun nan mai ciwo. Dattin da ka wanke, shayi ne ya dafa ya tsoma su a ciki. Yau da rana za a sa su a gwada, Alhamis a buɗe wasa. Kai kuma ka zo ka mayar da su angwaye."

Tashar Zariya kawai nake gani.

Wajen sha ɗaya mai shirya wasan ya zo ɗaukar kaya, wani dogon Bature mai gashi har kafaɗa. Ya dubi jerin, fuskarsa ta koma kalar jajayen kwat ɗin da na ɗinka. Ya yi ta faɗa yana nuna ni da yatsa, ya daɗe bai numfasa ba. Na taɓo Isiyaka.

"Me ya ce?"

"Ya ce ɗinkinka ya yi kyau."

"Baba, ka ji tsoron Allah."

"To, ya ce a kore ka. Sauran ba na kunnen Musulmi ba ne."

Tun da kora ce, na ce bari in faɗi abin da ya tsaya mini a wuya tun muna matakala. Na ce, "Baba, tambaye shi. Mutanen nan da ka ce har da teloli a cikinsu, wata nawa suna cikin sanyi, babu mai allura ko ɗaya?"

"Garba, rufa wa kanka asiri."

"Tambaye shi. Kuma ka gaya masa rigar talaka ba ta yagewa a tsakiyar baya. Wa ya taɓa ganin haka? A gwiwar hannu take mutuwa, da wuya, da bakin aljihu, da hammata. Kuma wanda sanyi ke ci ba ya barin rami a buɗe yana yawo, sai ya toshe shi da duk abin da ya samu."

Isiyaka ya juya musu maganar, ban san ko ya rage ba. Dogon ya yi wata dariya ta raini, ya ce wani abu da na gane ba sai an fassara ba: ni me na sani? Sai na ciro kwat ɗina daga ƙusa, na juya cikinsa waje, na shimfiɗa a kan teburin yanka. Ga gefen bargo, ga buhun fulawa da rubutunsa bai gama gogewa ba, ga zaren tawul fari a kan baƙin yadi. Ban taɓa nuna wa kowa cikinsa ba. Kunya ta kama ni kamar na tuɓe a kasuwa.

Madam ta taso daga kan kwandon. Ta sa tabarau, ta bi ɗinkin da yatsa, faci bayan faci, ta daɗe a kan buhun. Ta yi magana a hankali, ba da Baturen take ba, ba kuma da ni ba. Daga baya Isiyaka ya gaya mini cewa ta yi, ita ma da kwat ɗaya ta shigo ƙasar nan tana budurwa, lokacin yaƙin Jamus, kuma haka uwarta ta yi masa ciki.

Sannan ta juya ga Dogon. Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce yau su yi gwajinsu da kayan gida, Laraba da safe zai sami sojojinsa. Ya ce a kore ni tukuna. Ta ce shagonta ne, kuma in na fita babu mai yi masa aikin kwana biyu, sai dai ya yaga da haƙoransa. Ya sake duban kwat ɗina, ya ɗaga gefen buhun da ɗan yatsa, ya saki. Ya ce Laraba, ƙarfe tara. Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Ba ta yafe mini nan take ba, kada in yi mata ƙarya. Yinin nan ba ta dube ni ba. Sai da muka tashi ta kira Isiyaka ya tsaya a tsakaninmu, ta ce sati biyu na rayuwarta na wanke a bokiti, kuma daga yau ko ƙyalle na gani a ƙasa in tambaya kafin in ɗauka. Ta ce ni na ɗinke, ni zan yaga, kuma in yaga su irin na kwat ɗina. Na ce to. Sai ta jawo durowa ta fito da ambulan mai adireshin ofishin shige da fice, da kan sarki a manne.

"Tun Juma'a ya rubuta," in ji Isiyaka. "Ya ce yau da safe ya ɗauko zai yaga, sai ya tuna yatsunsa sun gaji da yage-yage."

Na karɓa da hannu biyu. Na fara godiya. Ta kaɗa mini hannu wai in tafi. A jan akwatin wasiƙa na bakin titi na jefa ta, na tsaya na ji faɗuwarta a ciki.

A jirgin ƙasa muna komawa Plumstead na ce, "Baba, ba ka ƙarasa mini ba. Masu tsumman, sun mutu?"

"Sun ci. Faransa ya taimake su, jajaye suka ajiye bindiga."

"Wa ya zama sarki?"

"Babu. Janar ɗinsu, duk soja na hannunsa, ya mayar da takobi ya koma gona."

"Soja? Da kansa?" Na tuna gida, na tuna Ghana tasu. Muka dubi juna.

"Amma cin yaƙi bai gama musu ba," ya ce. "Yanki goma sha uku, kowa da kuɗinsa, kowa da girman kansa, gwamnatin tsakiya ko albashin soja ba ya iya biya. Sai suka sake taruwa a ɗaki ɗaya, suka rufe taga, suka yi ta gardama wata da watanni. Manyan yankuna suna son a ƙirga kai, ƙanana suna son kowa daidai. Ƙarshe suka yi majalisa biyu, kowa ya sami rabin abin da yake so. Sannan suka kira janar daga gona, suka zaɓe shi, ya yi nasa ya sauka."

Na ce ai na ji ɗalibai na cewa a gida ma an zaunar da mutane su rubuta mana tsari irin nasu. Sai na tambaye shi, "To mu fa? Baƙar fata na cikin wasan?"

"Akwai ɗaya. Yana riƙe doki." Ya dubi taga. "Takardar ya ce kowa ɗa ne. Wanda ya rubuta yana da bayi a gona. Wannan ramin ba su toshe ba, suka sa rigar a haka, sai da ya ɓarke musu daga baya."

Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Turawan Ingila za su biya su zauna su kalli yadda aka kore su. Ranar da aka ba mu namu mulkin, tutoci na ɗinka wa 'yan makaranta, kore da fari, na kuma zaci an gama ke nan. Ashe kowa da irin sanyin da yake shiga, wasu kafin, wasu bayan.

Na yi shekara uku a shagon Madam, na dawo gida da keke biyu da mutuncina. Ita da Baba Isiyaka ba na salla in manta da su.

Amma washegarin waccan Litinin ɗin, da sassafe na buɗe shago. Na ɗora babbar tukunya, na juye mata ganyen shayi rabin gwangwani, na bar shi ya yi baƙi. Na zuba kofi ɗaya na ajiye wa Madam a teburinta na rufe da faranti, ɗaya na Baba Isiyaka. Sauran na tsoma rigunan a ciki. Sannan na zaɓo kwat ɗin da ya fi duk kyau, wanda na yi rabin Lahadi a kan hannunsa, na sa shi a jikina na lanƙwasa hannu don in ga inda gwiwa ke zama. Na cire, na shimfiɗa, na yi bisimilla, na ɗauki magogi na fara ci.